Malamin Rubutun Shari'a Kuma Garkuwar Raunana: Tarihin Aikin Malam Abdullahi na Gwandu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa yawancin abin da shari'a take juyawa a kansa a rubuce yake. Takardar ƙara rubutu ce, bayanin shaidu ana rubuta shi, hukunci ana rubuta shi, kuma idan aka ɗaukaka ƙara, alƙalan sama ba su ganin komai sai abin da ke cikin takarda. Saboda haka rayuwar mutum da dukiyarsa sukan rataya a kan alƙalamin wani. Wannan shi ya sa tambayar da muka ɗauko a wannan takarda take da nauyi, watau: wane irin mutum ne ya cancanci koya wa ɗalibai rubutun shari'a, kuma wace hanya ya kamata ya biyo kafin ya zauna a kan buzun koyarwa?

Za mu nemi amsar wannan tambaya ta hanyar bin tarihin aikin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1766, ya rasu a Gwandu a 1829. An fi saninsa da sarauta da yaƙi da tafsiri da waƙa. Mu kuwa za mu dube shi a matsayin marubucin shari'a kuma mai koyar da ita. Ra'ayin da muke son mu kafa shi ne, ƙwarewarsa a rubutun shari'a ta samo asali daga shekarun da ya yi yana tsaya wa mutanen da ba su da bakin kare kansu, kuma wannan tsayuwar ce ta tsara irin littattafan da ya rubuta daga baya. A ƙarshe za mu dawo kan abin da wannan tarihi yake nufi ga masu koyarwa a ƙasar Gwandu ta yau.

2.0 Ayyukan biyu a ma'anarsu ta zamani

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da ayyukan nan biyu. Na farko shi ne aikin lauyan da hukuma take biya domin ya kare wanda ake tuhuma alhali ba shi da halin ɗaukar lauya. An buɗe ofishi irin wannan na farko a Amurka a yankin Los Anjeles a 1914. Amma abin bai game ƙasar ba sai bayan 1963, lokacin da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani fursuna mai suna Gideon, daga jihar Fulorida. An ɗaure shi ba tare da lauya ba, shi kuwa ya rubuta kokensa da fensir daga kurkuku. Kotun ta ce wajibi ne jiha ta samar wa matalauci lauya a manyan laifuffuka. Da aka sake shari'ar yana da mai kare shi, sai aka wanke shi. A Nijeriya kuwa an kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a a 1976, aka sake mata doka a 2011.

Aiki na biyu shi ne koyar da rubutun shari'a, wanda a makarantun lauyoyi na Amurka darasi ne mai zaman kansa tun daga shekarar farko. A ciki ɗalibi yake koyon yadda ake tsame mas'ala daga cikin labari, da kawo doka, da ɗora ta a kan abin da ya auku, da amsa hujjar abokin husuma.

Malam Abdullahi ba lauya ba ne, kuma a zamaninsa babu ofishi mai wannan suna. Abin da ke akwai shi ne aikin kansa: mutum mai ilimi ya tsaya a gaban mai iko ya yi magana a madadin wanda ba ya iyawa, sa'an nan ya koya wa wasu yadda ake yi. Da wannan ma'ana muke amfani da kalmomin a nan.

3.0 Karatu

Mun yi sa'a domin Malam Abdullahi ya bar mana tarihin karatunsa da alƙalaminsa, a cikin littafin Ida'un Nusuhi wanda ya rubuta a 1812, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo. Yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da shekara 12. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawa na jahiliyya, da littattafan nahawu kamar Ajurumiyya da Mulha, da na tauhidi na Sanusi, da na fiƙihu kamar Ahalari da Ishmawi da Risala, ya kuma ɗauki tafsiri.

Daga nan ya zaga wurin wasu malamai. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji a 1786. A wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma malamin Shehu ne, ya karanta usulul fiƙihi, watau ilimin tushen hukunci, cikin littattafai irin su na Ƙarafi da Kaukabus Saɗi'i da Jam'ul Jawami'i.

Akwai abin lura a wannan jeri. Harshe ne ya riga fiƙihu, fiƙihu kuma ya riga usulu. Ɗalibin da ya bi wannan tsari yakan fara da sanin nauyin kalma da ginin jimla, sa'an nan ya san hukunci, daga bisani ya san dalilin da ya haifi hukuncin. Wanda ya san hukunci kaɗai iyakarsa ya maimaita abin da ya haddace. Wanda ya san usulu shi ke iya cewa wannan hukunci bai hau kan wannan mutum ba, ga kuma dalili. Wannan ita ce fasahar da mai kare wani yake bukata fiye da kowace. Shi kansa Malam Abdullahi bai daina ɗaukar harshe a matsayin ƙofar shari'a ba: ya tsara nahawu a waƙe cikin Baharul Muhiɗi, ya tsara sarfu cikin Hisnur Rasini, ya kuma tsara usulu cikin Alfiyyatul Usuli.

4.0 Tsayawa a madadin wasu

Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, kuma ƙanensa yana tare da shi a yawancin tafiye-tafiyensa na Kabi da Zamfara. A cikin waɗannan shekaru ne za mu ga Malam Abdullahi yana koyon aikin kariya a aikace. Za mu kawo misalai uku.

Misali na farko ya auku ne sa'ad da suke yawon wa'azi a Zamfara wajen 1786. Wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu waƙa yana zarginsa da barin mata suna halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umurci Abdullahi, wanda a lokacin shekarunsa ba su wuce 20 ba, da ya ba da amsa. Ya amsa da waƙa, kuma ya adana ta daga baya cikin Tazyinul Waraƙati. Tsarin amsar shi ne abin nazari. Da farko ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata. Sa'an nan ya ce ko da an sallama akwai aibi a fitowar mata, barinsu cikin jahilcin addininsu ya fi wannan aibi muni, kuma ƙa'ida ce a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu domin a kauce wa mafi girma. Duk lauyan da ya karanta wannan zai gane tsarin: musun abin da aka ce ya faru, sa'an nan hujja ta biyu wadda za ta tsaya ko da ta farko ta faɗi. Waɗanda aka kare a nan kuwa mata ne, waɗanda ba a nemi jin ta bakinsu ba a cikin gardamar.

Misali na biyu shi ne taron Magami na babbar salla a 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. Biyu daga cikinsu sun shafi talakawa kai tsaye: a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma a sassauta wa jama'a haraji. Sarki ya amince. Malam Abdullahi yana wurin, ya kuma ga yadda malami yake iya sayen 'yancin wasu da abin da aka so a ba shi.

Misali na uku shi ne na mutanen Gimbana, wani gari a ƙasar Kabi inda Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka musu, ta kamo su bayi, ta biyo da su ta kusa da Ɗegel. Jama'ar Shehu suka tare rundunar suka kwance kamammun. Wannan al'amari yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Mas'alar da ke ƙarƙashinsa ta shari'a ce tsantsa: shin ya halatta a bautar da ɗa Musulmi? Za mu ga wannan mas'ala ta sake dawo wa Malam Abdullahi, amma a karo na biyu jama'arsa ce take riƙe da takobi.

5.0 Mulki, Kano da Liya'ul Hukkami

Bayan hijira, Malam Abdullahi ya zama wazirin Shehu. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, ya kuma jagoranci cin Birnin Kabi a 1805. A shekarar ne jama'a ta kafa sansaninta a Gwandu, ta kuma sha wuya ƙwarai a yaƙin Alwasa.

Nasara ta zo da abin da bai yi tsammani ba. Yawancin malaman da suka fara tafiyar sun yi shahada, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa, a ganinsa, neman mulki da dukiya ya fi damunsu. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya bayyana abin da ya gani: tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa, da cin ganima da rashawa, da sayar da 'ya'ya a kasuwa, da mutanen da suka hau kujerar alƙalanci ba su cancanta ba. Wajen 1807 sai ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, jama'ar garin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa komawa gare shi wajen gudanar da mulki da shari'a. Ya gaya musu cewa abin da ya tarar a wurinsu shi ne abin da ya guje wa a gida. Duk da haka ya amsa roƙonsu. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya fasa tafiya ya koma yamma.

Cikakken sunan littafin yana nuna manufarsa, domin ya ambaci hukunce-hukuncen da ke bisa masu mulki tare da waɗanda suke nasu. Ya yi magana a kan hijira, da naɗin shugaba da sharuɗɗansa, da muƙaman da ke ƙarƙashinsa kamar waziri da alƙali da mai hisba da mai mayar da zalunci, da jihadi, da siyasar shari'a. Ya shigar da nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, watau ya tunatar da Kanawa da takardar da aka rubuta domin garinsu shekara 300 kafin zuwansa.

Muƙamin mai mayar da zalunci ya cancanci ƙarin bayani, domin shi ne mafi kusa da abin da muke magana a kai. A fiƙihu, wannan muƙami na sauraron kukan talaka ne a kan wanda alƙali ba ya iya tanƙwarawa, kamar hakimi ko jakada ko ɗan sarki. Mai riƙe da shi yana haɗa ilimin alƙali da ƙarfin sarauta. Mutumin da ya ga an saki fursunoni a Magami, ya kuma ga ana sayar da 'ya'ya a hannun jama'arsa, ya san dalilin da ya sa dole a rubuta wannan muƙami a littafi, kada a bar shi ga halin kirkin wanda ke kan gado.

6.0 Saɓani da Shehu da shekarun Gwandu

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. A wannan tsakani ne aka yi wata muhawara a rubuce tsakanin wa da ƙane, wadda take cikin mafi kyawun abin da malaman jihadi suka bari. Shehu, a cikin littattafai irin su Najmul Ihwani, ya sassauta a kan wasu abubuwa, kamar amfani da laƙabin sarauta da sa tufafin ƙawa ga shugabanni da kaɗa tambari. Malam Abdullahi ya tsananta a kansu, ya kuma bayyana matsayinsa a cikin Liya'us Sulɗani.

Amma a mas'ala guda shi ne mai sassauci, kuma ita ce ta fi shafar rayukan mutane. Mas'alar ita ce hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba a yaƙi. Shehu, bisa bin Magili, ya ɗauki wannan a matsayin kafirci. Malam Abdullahi ya ce saɓo ne babba, amma shi kaɗai ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Bambancin ba na baki ba ne kawai. Wanda aka hukunta da kafirci a fagen yaƙi, hukuncin jininsa da dukiyarsa da iyalinsa daban yake da na mai saɓo. Ke nan ya tsananta a kan abin da masu mulki suke so wa kansu, ya sassauta a kan abin da za a yi wa wanda aka ci da yaƙi. Ya kuma yi wannan jayayya da malaminsa kuma shugabansa, da ladabi, da nassi, ba tare da ya fita daga biyayya ba.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello a Sakkwato, Malam Abdullahi ya koma Gwandu. Tsakaninsu ya yi sanyi har zuwa yaƙin Kalambaina wajen 1820, inda ragowar mutanen Abdussalami suka yi tawaye, Bello ya kawo wa baffansa gudummawa, suka sulhunta. Daga nan Malam Abdullahi ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga koyarwa da rubutu. A waɗannan shekaru ya rubuta Liya'us Siyasati, wanda ya ƙunshi siyasar shari'a da fatawoyi a kan matsalolin da ke aukuwa.

7.0 Abin da ya koyar game da rubutu

Daga littattafansa muna iya tsamo halaye uku na rubutun shari'a. Na ɗaya shi ne sanin mai karatu. Ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wajen 1816, cike da saɓanin ƙira'o'i da na mazhabobi, kuma shi ne aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai a 1822 ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malik, watau abin da mutanen ƙasarsa suke karantawa suke kuma aiki da shi. Ilimi ɗaya ne, amma ya rubuta shi sau biyu domin masu karatu iri biyu.

Na biyu shi ne jingina kowace magana ga mai ita. Yakan ambaci littafin da ya ciro hukunci, sa'an nan ya ware ra'ayinsa da alama a fili. Mai karatu yana iya komawa ya bincika, abokin jayayya kuma ya san inda zai sa hannu. Na uku shi ne tsari: yakan faɗi adadin babobin littafi tun a farko, kowane babi da mas'alarsa, domin alƙalin da ke da masu husuma a gabansa ya sami abin da yake nema da sauri.

Littattafan Malikiyya na alƙalanci da wannan makaranta ta dogara da su, kamar Tabsiratul Hukkami na Ibn Farhun, cike suke da kariya ga wanda ake ƙara. Hujja tana kan mai da'awa. Ana ba mutum ajali ya kawo shaidunsa, ana ba shi damar sukan shaidun abokin husumarsa. Yana iya naɗa wakili ya yi magana a madadinsa, alƙali kuma yana naɗa wa maraya mai tsaya masa. Kafin a yanke hukunci dole a yi i'izari, watau a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Har yau kotunan ɗaukaka ƙara na Arewa sukan rushe hukunci idan ba su ga i'izari a rubuce cikin takardun shari'ar ba. A nan za mu ga yadda kariya da rubutu suke haɗuwa: haƙƙin da ba a rubuta an bayar ba, a idon kotun sama kamar ba a bayar ba ne.

8.0 Daga Gwandu zuwa Kalgo

Turawa sun shigo Gwandu a 1903, kuma daga 1906 fadar masarautar ta tabbata a Birnin Kabi. Sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma dokokinsu sun hana lauyoyi bayyana a cikinsu. Horar da alƙalai ya koma makaranta ta zamani sa'ad da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

A wannan shekara ta 1947 ne wata shari'a daga ƙasar Gwandu ta girgiza tsarin shari'ar Arewa baki ɗaya. Kotun Sarkin Gwandu ta sami wani mutum mai suna Tsofo Gubba da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta duba takardun, ta ga cewa a ƙarƙashin dokar laifuffuka ta Turawa kisan da aka yi cikin tunzuri ba ya kai ga hukuncin kisa, sai ta rushe hukuncin. Wannan ya jawo gyare-gyaren doka a jere, har aka kafa kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifi kundin dokokin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan hukuncin, abu ɗaya a fili yake: ran Tsofo Gubba ya rataya ne a kan yadda aka karanta rubutun shari'o'i biyu masu tushe daban.

Hanin da aka yi wa lauyoyi ya daɗe bayan samun mulkin kai. Sai bayan tsarin mulki na 1979 kotuna suka fara rushe shi, kamar a shari'ar Karimatu Yakubu da Yakubu Paiko a 1985. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya tabbatar wa wanda ake tuhuma haƙƙin kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kuma a 2000 ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka. Sakamakon haka, mai kare talaka a wannan ƙasa yana bukatar ya iya kafa hujja daga Muhtasar da Tuhfa a kotu ɗaya, ya kuma kafa ta daga tsarin mulki a wata. An ga amfanin wannan a maƙwabciyar jiha a watan Maris na 2002, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe hukuncin jefewa da aka yanke wa Safiya Husaini a Gwadabawa, bisa dalilan da suka haɗa da cewa dokar ba ta fara aiki ba a lokacin da aka ce an aikata laifin.

Kalgo, wadda gunduma ce ta masarautar Gwandu, ita ke ɗauke da mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, a kan hanyar Bunza. Ke nan ƙasar da ɗalibai suka riƙa tururuwa zuwa zauren Malam Abdullahi ta sake zama wurin da ake tara ɗalibai. Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara uku ga duk wata makaranta da ke horar da alƙalai ko lauyoyi ko magatakardan kotu a wannan yanki. Ta ɗaya, a mai da rubutun shari'a darasi mai zaman kansa, da Hausa da Larabci da Ingilishi, domin da Hausa talaka yake ba da bayani, kuma wajen juya bayaninsa zuwa takarda ne ake yawan yi masa asara. Ta biyu, wajen ɗaukar mai koyar da wannan darasi a ba da nauyi ga shekarun da ya yi yana kare marasa hali, kamar yadda ake ba takardun digirinsa nauyi. Ta uku, a sa Liya'ul Hukkami da amsar da aka ba Mustafa Gwani cikin abin da ɗalibai za su feɗe domin koyon tsarin hujja.

9.0 Kammalawa

Mun bi Malam Abdullahi daga zauren wansa zuwa Zamfara da Magami, daga Tafkin Kwatto zuwa Kano, daga Boɗinga zuwa Gwandu inda hubbarensa yake. Mun ga cewa ya fara da harshe, ya bi da fiƙihu da usulu, ya gwada su wajen kare mata masu neman ilimi tun yana saurayi, ya riƙe mulki ya ga yadda yake lalata masu shi, sa'an nan ya zauna ya rubuta wa alƙalai da sarakuna iyakokinsu. Da bai bi ta waɗannan matakai ba, da wuya littattafansa su damu da fursuna da wanda aka ci da yaƙi kamar yadda suka damu.

An sa wa babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sunansa, haka ma fadar Sarkin Gwandu. Wannan girmamawa ce da ta dace. Abin da ya rage a kanmu, mu masu koyarwa, shi ne mu fitar da ɗaliban da idan talaka ya zauna a gabansu ya faɗi abin da ya same shi, za su rubuta shi yadda alƙalin da bai taɓa ganin fuskarsa ba zai fahimta. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masana fiƙihu da lauyoyi da ke cikinmu, za su faɗaɗa wannan bincike ta hanyar kwatanta Liya'us Siyasati da dokokin gudanar da shari'a da kotunanmu suke aiki da su. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya sa mu amfana da abin da ya bari.